Akushin da Ya Dawo Wayam

Kwanan baya jikokina suka sa ni a mota suka kai ni gidan cin abinci, wai don su hutar da ni. Ban so zuwa ba, amma yaran nan in sun ƙulla abu sai sun yi shi. Aka ja mini kujera, sanyin na'ura yana ratsa ƙashina, wata yarinya ta miƙo mini takarda wai in zaɓi abin da zan ci. Na ce ta riƙe takardarta, ta kawo mini tuwo da miyar kuka, don a nan ake gane hannun mace. Aka kawo tuwon ƙunshe cikin leda yana zufa. Na gutsura, na ji ɗanyen gari, an tuƙa shi a gurguje ba a bar shi ya turara ba. Miyar kuwa tun kafin ta kai bakina na san labarinta. An kaɗa kuka a ruwan da bai taɓa ganin nama ba, an zabga dunƙule har ya yi ɗaci, sannan aka tsamo tsoka biyu daga wata tukunya aka dasa a kai. Daddawa ko ƙanshinta babu. Babbar jikata tana ta ɗaukar hoton faranti da waya, tana cewa, "Kaka, yau kam kin huta da hayaƙi." Wa ya ce mata na gaji da hayaƙi? Na wanke hannuna na zauna ina kallonsu har suka gama, suka yi ta dariya wai tsufa ne ya hana ni ci.

Ba tsufa ba ne. Duk macen da ta iya girki, in ka kai ta irin wannan wuri, wahala ka kai ta. Harshenta ba ya hutawa. Kowa yana ci yana hira, ita tana jin inda aka ƙona albasa, da inda aka yi ha'inci da ruwa, da inda mai girkin ta gaji ta ce ai ba ubanta ne zai ci ba. Ga takaicin ganin jininka suna lashe cokali suna yaba abin da a gidanka ba za ka yarda ya fita daga madafi ba. Amma nawa fushin ya wuce nan, kuma ya girmi iyayen yaran ma. Tun shekarun da ake ginin dam ɗin Bakolori nake ɗauke da shi, ban taɓa zaunar da su na ba su labarin ba.

A wani ƙauye na bakin gulbi aka haife ni, can yankin Maradun. Ba sai na faɗi sunansa ba, ko na faɗa ba wanda zai same shi, yana ƙarƙashin ruwa. Abin da ke tashe mu da safe a can shi ne taɓarya. Gida ɗaya zai fara, na kusa ya amsa, kafin rana ta ɗaga gari duk ya ɗauki lugude, har kana iya gane turmin kowace mace daga sautinsa. Sai gurzar dutsen niƙa, sai ƙarar itacen da ake faskarawa, sai mata suna kiran juna ta kan danga a aro kanwa. Yau injin ke niƙa, gas ke dafawa, ba ka jin komai, sai dai ka ga abinci ya fito kamar an saye shi. Ni ce auta, don haka a gindin murhu na girma, kusa da zanen Innarmu. Ita ba ta ɗanɗana miya da ludayi, da hanci take ji. Kuma ba ta taɓa ɗora tukunya ba tare da ta san bakin da zai ci ba. Takan ce da ni, "Babanku ba shi son gishiri, kawunku haƙora sun zube, ƙanwar babanku jego taka yi. In kin manta wanga, ko kin zuba naman sa guda, ba ki yi miya ba."

A zamanin nan magidanci ba ya cin tuwo a kasuwa. Fura dai zai sha in yana kan hanya, amma tuwon sayarwa na gwauro ne da baƙon da ba shi da kowa a gari. In aka ga mai iyali zaune gaban mai tuwo, ba shi za a zaga ba, matarsa za a zaga. Baƙo kuma daga cikin gida ake ciyar da shi. A kai masa akushi zaure, a bar shi ya ci, mata na ciki suna jiran dawowar akushin. In ya dawo wayam, ko da 'yar loma ɗaya ta kunya, mai girki ta fita. In kuwa ya dawo kusan yadda aka kai shi, matan gida za su leƙa ɗaya bayan ɗaya, ba mai cewa uffan, amma kafin magariba unguwa ta ji. Na san matar da ta yi shekaru ana nuna ta da baki a kan akushi ɗaya da ya dawo mata cike.

Sirrin miyar Inna daddawarta ce. Akwai wata ɗorawa babba a gonar Baba ta fadama, ita take ba mu kalwa. In bazara ta yi a kaɗo 'ya'yanta, mu yara mu sha garin har bakinmu ya yi rawaya, a wanke kalwar a shanya. Daga nan aikin Inna ne ita kaɗai. Ta dafa ta yini guda, ta surfa da toka, ta kai gulbi ta wanke, ta sake dafawa, ta juye a kwando ta rufe da ganye ta kai ƙuryar ɗaki, ta hana kowa buɗewa har kwana uku. In ta buɗe, ko kana ƙofar gida sai ka sani. Ta kirɓa, ta mulmula, ta lallatsa da tafin hannu ta shanya a kan rufin rumbu, shatar yatsunta a jikin kowace ɗaya. Kowace mace a ƙauyen tana yin daddawa, amma ba biyu da suke ƙanshi ɗaya. Baba yakan ce ko a duhu aka ba shi miya goma zai ware ta matarsa.

Aka aurar da ni Talatar Mafara, gidan mahauta. A irin wannan gida nama ba labari ba ne, yaro ma ya ƙoshi da shi, don haka ba a ruɗarsu da tsoka, miya ake dubawa. Uwar mijina, wadda nake kira Iya, mace ce mai kaifin harshe, Allah ya jiƙanta. Sai da na shekara ina girki a gidan kafin ta ɗaga kai daga kwano ta ce, "Ba laihi." Ranar ban san inda zan sa kaina don murna ba. Daga baya har daga Bakura ake aikowa a ɗauke ni in akwai suna ko biki, in tsaya kan tukunya. Abu ɗaya ya rage mini. Baba bai taɓa cin abinci a gidan aurena ba. Yana zuwa kasuwar Talata, ya tsaya a zaure mu gaisa, ya sha ruwa, ya tafi. Kunyar surukai ce, ba mai ganin laifinsa, amma abin yana raina.

Ana nan sai aikin dam ya zo. Da farko ƙara muka fara ji, irin wadda kunnenmu bai sani ba, manyan motoci suna wucewa ƙasa tana girgiza har kwanonin jere suna kaɗawa a ɗaki. Sai baƙi suka cika gari, maza zalla, daga ko'ina, ba mata ba murhu. Dole su ci abinci, ban ce kada su ci ba. Rumfunan tuwo da shinkafa suka tashi a bakin hanya, daga baya wata mata ta buɗe nata wurin kusa da kara, inda ake cinikin shanu, da tebur da benci da cokula, aka sa masa suna otal. Maigidana ne yake kai mata nama. Nan fa ya samu abin faɗa. Kullum otal kaza, otal kaza, yana faɗin kalmar kamar sunan gidan sarki. Ya fara dawowa yana tsakurar tuwona yana turewa, ƙanshin wani mai daban a rigarsa. Na gane. Iya ma ta gane, ta ce masa wata rana, "Kai, ubanka har ya mutu bai ci tuwon kasuwa ba." Ya yi dariya ya ce zamani ne ya canza.

A bazarar ƙarshe kafin a tashi ƙauyenmu na je gida. An riga an gaya musu ruwa zai ci gonakin da gidajen. Inna ta yi daddawa kamar kullum, ba ta ce komai a kan tashin ba, sai da zan dawo ta ƙunsa mini guda uku a tsumma ta ce, "Ki yi ta a hankali, ɗorawar ga ba ta ƙara ba mu." Daminar ba ta fita ba Inna ta rasu. Bayan haka aka kwashe mutanen aka kai su sabon matsuguni a kan tudu, ruwa ya rufe ɗorawar da rumbun da kabarinta gaba ɗaya. Baba ya koma zama wurin yayana, yana cin abin da matar yayan ta dafa, baiwar Allah mai kirki amma hannunta da nauyin gishiri. Daddawa ukun nan na sa su a ƙaramar tukunya na liƙe bakinta na tura ƙarƙashin gado. Ban taɓa ko ɗaya ba, ban kuma gaya wa kowa ina da su ba, har maigida.

Wata Talata sai wata mata 'yar ƙauyenmu mai sayar da man shanu ta shigo gidanmu da saƙo. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Babanki ya ce in gaya miki, Talata mai zuwa shina tahe da bijiminai, tunda ba wurin kiwo can. Kuma ya ce wanga karon nan zai ci abinci." Na sa ta maimaita. Mutumin da bai taɓa cin ko ƙosai a gidan ba, yau da bakinsa ya ce zai ci. Na san abin da ya sa. Ya rasa mata, ya rasa gari, zai rabu da sansa na ƙarshe, yana neman abu ɗaya da bai canza ba. Ni kuwa ina da shi a ƙarƙashin gado.

Tun ranar Lahadi na fara shiri. Na zaɓi farar dawa na surfa da kaina, na niƙa a dutse, ban yarda a kai injin ba. Kukar ma ta sabon ganye ce da na shanya a inuwa, kore shar. Na ce wa maigida ya ajiye mini ƙashi mai ɓargo da naman ƙirji, na gaya masa Baba zai ci abinci a gida. Ya ce to. Zancen daddawa ne kawai na ɓoye, kuma wannan kuskurena ne, ba zan ɗora wa kowa ba. So nake Baba ya buɗe akushi ya gane da kansa, ba wanda ya faɗa masa. Ranar Talata da hantsi na fasa bakin tukunyar. Da na ga shatar yatsun Inna a jiki sai da na zauna a ƙasa na yi kukana na share. Na yi niyyar sa ɗaya in bar biyu, sai na tuna wanda zai ci, na daka su duka ukun. Na bar ƙashin ya dahu har ɓargo ya saki, na rage gishiri yadda yake so, na kaɗa kuka da maburgi a kan ƙaramar wuta, na narka man shanu a kai. Iya ta fito daga ɗakinta tana shinshina iska, ta tsaya a kaina, ta ce, "Ɗiyar ga, mi kinka sa?" Na ce daddawa ce kawai. Ta dube ni ta koma ɗakinta.

Azahar ta yi abinci na rufe. La'asar ta yi shiru. Na ce ciniki ne ya ja, sayar da sa ba ya ƙarewa da wuri. Na yi ta mai da miyar gefen garwashi kada ta huce, kada kuma ta kama. Rana ta yi sanyi na ji muryoyin maza a zaure, maigida ya leƙo ya ce a kawo abinci. Ban tambaye shi komai ba, ai ba a tambayar ko uba ya iso, sai a ce rawar kai. Na kwashe tuwon a sabon akushi, na juye miyar kaf har da kankare tukunya, na miƙa masa. Na shiga ɗaki na ɗaura zanena mai kyau ina jiran a kira ni gaisuwa. Can sai ga akushi ya dawo wayam, an suɗe shi har yana ƙyalli. Na rungume shi a ƙirjina ina cewa alhamdu lillahi.

Maigida ya shigo yana sakace, fuskarsa a sake. Ya ce, "Kai, yau kam miya ta yi. Abokan sana'ata har sun ce a gaishe ki."

Na ce, "Baba fa? In hito?"

Ya ce, "Baba ai ya tahi. Tun la'asar anka gan shi ya shiga motar kasuwa."

Na ajiye akushin a ƙasa. Shi kuwa ya gyara tsayuwa yana ba ni labari, yana jiran in gode. Wai ciniki ya kai su azahar, ya ga tsoho da yunwa, ga otal nan kusa, ya ce yau zai girmama surukinsa. Ya zaunar da shi a tebur, ya sa aka kawo masa shinkafa da miyar tumatir da nama da lemon kwalba. Shi kuma, tunda ba a ci gaban suruki, ya fita ya tsaya waje, yana aikawa a ƙara. Da Baba ya gama ya yi godiya, ya ce zai yi salla ya biyo gida da kansa. Sai labarin shigarsa mota aka ji.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, ni da ban taɓa yi ba. Na ce, "Ka ɗauki dattijo mai ɗiya cikin gari ka zaunar da shi shi kaɗai tsakiyar leburori, shina cin abincin saye? Ka san na dafa! Na gaya maka!"

Ya ce, "Haba, tuwon da ake ci kullum? Gobe ma ba sai ki yi wani ba?"

Na ce, "Da mi? Daudawar Inna ta, ta ƙarshe. Ita kunka suɗe kai da abokanka."

Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta ta ji komai. Ba ta yi masa tsawa ba, cewa kawai ta yi, "Ka ji kunya, ka kuma ja muna." Sannan ta juyo wurina ta ce, "Gobe da sahe ki shirya, ni za ni kai ki wurin babanki. Ni na ba ki izini, in shina da magana shi yi da ni."

Abin da ke cina shi ne me Baba ya ɗauka. Mutumin da aka tasa daga gidansa ya zo garin 'yarsa, aka kai shi inda ake ciyar da wanda ba shi da kowa. Na tabbata ya yi zaton ni na ƙi dafawa, ko gidan sun ga ya zama nauyi. Shi ya sa ya tafi ko sallama babu.

Da safe a hanyar tasha Iya ta ja ni muka ratsa ta bayan otal ɗin, ta ce sai mun ga abin da aka fifita a kan tukunyarmu. Ranar na fara taka irin wurin. Garewani ne a kan murhu, ana juya shinkafa da abu kamar shebur, nama yana tafasa a ruwa daban, miya ja wur mai yana yawo a kai. Matar ta gane Iya, ta tare mu da fara'a, ta zubo mana a faranti. Na kai loma ɗaya. Tumatir bai soyu ba, tsaminsa yana nan, barkono ne ya rufe komai, gishiri kuwa kamar an yi ɓari. Wannan aka ba mutumin da ba ya son gishiri. Matar ta ce, "Ai tsohon jiya ya ci sosai. Ina zubawa yana cinyewa, surukinsa na cewa a ƙara, bai ce a'a ba ko sau ɗaya." Ta ina zai ce a'a? Abin da suruki ya ajiye maka don girmamawa ba a ture shi. Na so in ji haushinta, na kasa. Ita mutanen da ba ta san sunansu ba take ciyarwa, ba ta yi wa kowa alkawari ba. Haushina na wanda yake da murhu a gida ne ya kai baƙonsa can.

Muka shiga mota har sabon matsugunin. Gidaje ne a jere kan tsakuwa, ba itace ko ɗaya da ya isa a zauna a inuwarsa. Iya ta shiga wurin matar yayana, ni na samu Baba zaune a ƙarƙashin wata 'yar rumfar zana, igiyar bijimin tana gefensa a naɗe. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida da maigida da Iya da gajiyar hanya, bai rage ko ɗaya ba. Da gaisuwa ta ƙare na kasa riƙewa. Na ce, "Baba, wallahi na dafa. Ba ni na ce a kai ka can ba."

Ya ce, "Na sani, Auta."

Na ɗaga kai.

Ya ce, "Na zo. Da na yi salla na biyo har bakin lungunku. Ban kai ƙohwa ba na ji shi. Na tsaya jikin katanga, na ce wanga hannun uwarki na. Ban san kina da saura ba." Ya murza igiyar. "Na daɗe nan tsaye. Mutane na wucewa suna gaishe ni."

Na ce, "To mi ya hana ka shiga?"

Ya ce, "Cikina cike da shinkahwa har wuya. In na shiga, loma biyu zan yi in kasa. Akushi shi koma ciki cike, gaban uwar mijinki, gidan mahauta, ranar hwarko da ubanki ya zauna cin tuwonki. A ce ko ubanta bai iya ci ba. Ina zan yi miki haka?"

Na ce, "Da ka shigo, Baba. Da ka yi ko loma ɗaya. Ina ruwana da abin da za a ce?"

Ya tambaye ni, "An ci?"

Na ce an ci.

"Sun cinye?"

Na ce har sun suɗe.

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, alhamdu lillahi. Bai koma cike ba."

Na kwana biyu a can, na yi masa tuwo da daddawar kasuwa. Ya ci ya sa albarka, ni da shi ba wanda ya ce komai a kan miyar. Bai ƙara zuwa Mafara ba, ba shi da abin da zai kai kara kuma. Har Allah ya karɓi ransa bai ci abinci a gidan aurena ba. Maigida ya ba ni haƙuri, ya daina cin otal daga ranar, muka zauna har mutuwa ta raba mu. Na yafe masa tun yana raye, amma duk ranar da ya yaba miyata sai na ji abin ya taso mini.

Yanzu gidajen abinci sun fi masallatai yawa a bakin titi, ba mai jin kunyar shiga. Yaro zai taso daga Gusau zai zo ganin kakarsa, ya tsaya a hanya ya cika cikinsa, ya iso ya ce, "Kaka, kada ki wahala, mun ci." Su a ganinsu tausayi ne. Ni kuwa in na ji kalmar nan jinina tafasa yake. Da muka dawo daga wurin da suka kai ni ranar nan, na shiga madafi na hura wuta suna ta ce mini sun ƙoshi. Na tuƙa tuwo na kaɗa miya na ajiye a gabansu. Babbar jikata ta ce, "Kaka, ba za mu iya cinyewa ba, zai dawo miki cike."

Na ce, "Ya dawo. Ku dai zauna ku yi loma ɗaya ina gani."